Ku tambaye shi Mambila, ba hawaye muka zo saurare ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Lahadi a kan tsohon ministan wutar lantarki, Injiniya Saleh Mamman, ya ɓata mini rai matuƙa. Kusan awa guda baƙonku yana ta maimaita cewa 'yan siyasa ne suka yi wa mutumin zagon ƙasa, shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake yi kamar ɗan amshin shata. Har aka rufe shirin ba wanda ya ambaci Mambila, aikin madatsar ruwa ta samar da wutar lantarki a jihar Taraba.

Ni ɗan Taraba ne, walda nake yi. Ranar da Buhari ya ba shi ma'aikatar wutar lantarki a watan Agustan 2019, wallahi har lemo na saya wa yaran shagona. Muka ce yau ga ɗan gida, wanda ya san hanyar Gembu da ke kan tsaunin Mambila, madatsar ruwan da ake mana alkawari tun muna yara za ta tabbata. Megawat 3,050 aka ce. An sa hannu kan kwangila da kamfanonin Chana tun 2017, ta dala biliyan 5.8. Shekara biyu ya yi a kujerar, aka sauke shi ranar 1 ga Satumban 2021 tare da Sabo Nanono na noma, kuma Mambila tana nan a takarda. Abin da muka gani da idonmu a zamaninsa shi ne ƙarin kuɗin wuta na Satumban 2020.

Ni fa na san abin da rashin wuta yake nufi. Akwai ƙofar ƙarfe da wani bawan Allah ya ba ni, kwana tara tana jingine a bango ban haɗa ta ba. Sai wajen ƙarfe biyun dare ake kawo wutar, in tashi da fitilar waya in buɗe shago, kafin in ƙona sandar walda uku an ɗauke. Daga ƙarshe janareta na yi haya, kuɗin mai ya cinye ribar har da uwar kuɗin. Yarona mafi ƙwazo ya ajiye sana'ar ya koma acaɓa, kuma ban ga laifinsa ba.

To, baƙonku ya daɗe a kan yadda tsohon ministan ya yanke jiki ya faɗi a harabar kotu a 2024. Allah Ya ba shi lafiya, ba na yi wa kowa fatan sharri. Amma me ya kai shi kotun? EFCC ce ta kama shi a watan Mayun 2023, ta kuma tuhume shi kan naira biliyan 33.8, kuɗin ayyukan wutar lantarki na Mambila da Zungeru. Wannan adadi ko sau ɗaya bai fito daga bakin mai gabatarwa ba. Shari'a aikin alƙali ne, na yarda, amma tambaya ai aikinku ce. Ko kuwa don namu ne sai a rufa?

Sannan wannan layin wayar naku. Sau goma sha ɗaya na kira a daren, kullum "ana kan layi", amma muryoyin mutum uku ɗin nan da muka haddace su ne ke shiga kowane mako. Ga tallan maganin basir da ya cinye kusan kwata na shirin. Don Allah ku rage shi.

Naku mai saurare,
wani mai walda daga Jalingo.