Kafin a yi wa Pezeshkian guɗa, a tuna da Khatami

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na ƙarshen mako a kan zaɓen Iran, inda baƙonku ya ce tunda Mas'ud Pezeshkian ya kayar da Sa'id Jalili a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 5 ga Yulin 2024, to Iran ta kama hanyar sauyi ke nan. Mai gabatar da shirin bai ja shi da tambaya ko ɗaya ba, ya wuce zuwa karɓar kiran waya. Ni kuwa sai na ji an mayar da ni baya shekara 27.

A watan Mayu na 1997 ina koyar da tarihi a wata sakandare. Muna zaune da daddare a teburin mai shayin unguwarmu, rediyo a jingine da gwangwanin madara, aka ce Muhammad Khatami ya lashe zaɓe da kusan kashi 70 cikin ɗari, ya buge Natiƙ Nuri, kakakin majalisa, wanda kowa ya ɗauka shi ne ɗan lelen manya. Wani abokin aikina ya buga cinya ya ce, "Shi ke nan, mulkin malamai ya zo ƙarshe." Na ce masa, "Malam, ai Khatamin ma malami ne, baƙin rawani ne a kansa." Aka yi dariya. Amma in faɗi gaskiya, ni ma a raina na zaci wanda ya samu ƙuri'a miliyan 20 babu mai iya tare masa hanya.

Abin da ban gane ba a lokacin, shi ne kuma shirinku ya tsallake, shugaban ƙasa a Iran ba shi ne mai wuƙa da nama ba. Sojoji, dakarun kare juyin juya hali, shugaban ɓangaren shari'a, shugaban rediyo da talabijin na ƙasa, duk a hannun Jagora suke, wato jagoran addini na ƙasar. Sannan ga Majalisar Kare Tsarin Mulki mai mutum 12. Shida malaman fiƙihu ne, Jagora ke naɗa su kai tsaye. Sauran shidan masana doka ne, shugaban ɓangaren shari'a ke gabatar da su, shi ma ɗin naɗin Jagora ne, 'yan majalisa su amince. Duk dokar da majalisar dokoki ta yi sai ta bi ta hannun mutum 12 ɗin nan. Duk mai son tsayawa takara, sai sun tantance shi. Har Majalisar Ƙwararru mai kujeru 88, wadda a rubuce ita ke zaɓen Jagora, ita ke da ikon sauke shi, sai malaman Majalisar Kare Tsarin Mulki sun yarda da mutum kafin sunansa ya hau takardar zaɓe. Wato wanda zai sa wa Jagora ido, sai mutanen Jagora sun fara sa masa ido.

Khatami ya shiga da alƙawarin bin doka da sakin bakin jarida. An kuwa ga alama. Jaridu suka yi ta tsirowa. Da aka kashe Dariyush Foruhar da matarsa Parwane a gidansu a ƙarshen 1998, aka biyo da kisan wasu marubuta, matsin da aka yi ya sa ma'aikatar leƙen asiri ta fito a Janairun 1999 ta amsa cewa da hannun jami'anta a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na so a raina shi.

Daga nan sai martani ya fara. A Yulin 1999 aka rufe jaridar Salam, ɗalibai suka yi zanga-zanga, 'yan sanda da 'yan sa-kai suka kutsa ɗakunan kwanan Jami'ar Tehran cikin dare. A Fabrairun 2000 masu neman sauyi suka kwashe rinjaye a majalisa. Wata bai cika zagayowa ba aka harbi Sa'id Hajjariyan, babban mai tsara musu dabaru, a fuska. Ya rayu, amma a naƙashe. A Afrilu kotu ta rufe jaridu fiye da goma cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Agustan 2000. Sabuwar majalisa ta zauna za ta gyara dokar jarida. Sai ga wasiƙa daga Jagora, Ayatullahi Khamene'i, cewa a bar maganar. Kakakin majalisa, Mahdi Karrubi, wanda shi ma yana ɓangaren masu neman sauyi, ya ce umurnin Jagora ne, ya cire ƙudurin daga jadawali. 'Yan majalisa suka kaure da hayaniya har da cukumar kwala, amma ƙuduri ya tafi ke nan. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Khatami ya sake cin zaɓe a 2001. A 2002 ya kai ƙudurori biyu, ɗaya na rage wa Majalisar Kare Tsarin Mulki ikon tankaɗe 'yan takara, ɗaya na ba shugaban ƙasa ikon taka wa masu keta tsarin mulki burki. To wa zai sa hannu a kansu? Majalisar da ake son rage wa ƙarfi. Ta yi watsi da su, daga baya shi da kansa ya janye. Da zaɓen 2004 ya zo, aka hana mutum fiye da 2,000 tsayawa, har da 'yan majalisa masu ci wajen 80, cikinsu da ƙanin Khatami, wanda mataimakin kakaki ne. Suka yi zaman dirshan a cikin majalisa, fiye da 100 suka miƙa takardar murabus, aka yi zaɓe ba su.

Akwai wani kuskure kuma da nake yawan ji a bakin masu kira, cewa faɗan tsakanin malamai ne da 'yan boko masu son Turawa. A duba sunayen. Ayatullahi Muntazari yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata aka sa wilayatul faƙih, wato ɗora ragamar ƙasa a hannun babban malamin fiƙihu, a tsarin mulkin 1979, shi aka tsayar ya gaji Khumaini. Da ya soki kashe fursunoni da aka yi a 1988, aka tuɓe shi a 1989. Da ya taɓa Khamene'i a 1997, aka yi masa ɗaurin talala a gidansa na Ƙum har 2003. Karrubin da ya bi umurni a 2000, shi aka tsare a gida a Fabrairun 2011, tare da Mir Husaini Musawi da matarsa Zahra Rahnaward, saboda rikicin zaɓen 2009. Rafsanjani, wanda ya taimaka aka zaɓi Khamene'i a 1989, an hana shi takara a 2013. Hassan Ruhani, bayan shekara takwas yana shugaban ƙasa, a farkon 2024 aka hana shi komawa Majalisar Ƙwararru. Banda Musawi da matarsa, duk masu rawani ne, kuma 'yan gida ne gaba ɗayansu.

Ba ina cewa kujerar shugaban ƙasa hoto ce ba. Ruhani ya ƙulla yarjejeniyar nukiliya a 2015, Trump ne ya fice daga cikinta a 2018 ya dawo da takunkumi, abin da ya karya gwiwar masu neman sauyi ya ba masu ra'ayin riƙau abin faɗa. Duk mai nazarin Iran da ya manta da wannan matsin na waje bai yi adalci ba. Amma ba Amurka ke tantance 'yan takara ba.

A zaɓen 2024 mutum 80 suka yi rajista, shida aka amince da su. Pezeshkian, likitan zuciya, ministan lafiya a gwamnatin Khatami ta biyu, shi kansa an hana shi takara a 2021. A zagayen farko kashi 40 cikin ɗari kacal suka fita jefa ƙuri'a, alhali ranar Khatami wajen kashi 80 ne. Wannan tazarar ita ce labarin, ban kuwa ji an ambace ta a shirinku ba.

A nan gida, da an ce Iran sai zance ya koma Shi'a da Sunna, kamar yadda masu kiran ranar suka yi, wani na yabo, wani na tsinuwa, har lokaci ya ƙare. Roƙona, Malam Edita, ku sake shirin. Ku gayyato wanda ya karanta tsarin mulkin Iran, ku ba shi ko da minti goma ya yi bayanin mutum 12 ɗin nan kafin ku buɗe layin waya. Ku kuma tambaye shi me ya sa aka bar Pezeshkian ya wuce a 2024, bayan an hana shi a 2021.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, mai sauraronku daga Gusau