Kisan yariman Ostiriya har Darfur ya taɓa

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki. Dan Allah a bani ɗan fili, saboda duk sanda aka kawo maganar yaƙin duniya na ɗaya sai kaji mutanenmu na cewa ai faɗan Turawa ne can tsakaninsu, mu kuwa nan Sudan wallahi har gida abin ya iske mu.

Ranar 28 ga Yuni 1914 ne wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, Basabiye ɗan Bosniya, ya harbe Franz Ferdinand yarima mai jiran gadon Ostiriya da Hungari, shi da matarsa Sophie a birnin Sarayebo. Tun da safe ma an jefa wa motarsa bom bai same shi ba, daga baya direba ya yi kuskuren kwana ya tsaya daidai inda yaron yake. Haushin su Princip shine Ostiriya ta haɗiye Bosniya tun 1908.

To amma ni abinda ke ci min rai shine wata guda cur aka yi kafin a fara yaƙi, manya suna da lokacin da za su zauna su sasanta, basu yi ba. Ostiriya ta ɗora wa Sabiya laifin kisan, ta samu goyon bayan Jamus, ranar 23 ga Yuli ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗa da wa'adin awa 48, Sabiya ta amince da kusan duka amma ina, ranar 28 aka shelanta mata yaƙi, Rasha ta tara sojoji dan kare Sabiya, Jamus ta faɗa wa Rasha da Faransa ta kuma ratsa ta Beljiyam, sai ga Ingila ta shigo ranar 4 ga Agusta. Kowa na cewa ai alkawari na ɗauka. Shi Princip ko kashe shi ba'a yi ba saboda bai cika ashirin ba, a kurkuku tarin fuka ya kashe shi a 1918, alhali miliyoyin da basu taɓa jin sunansa ba sun riga shi tafiya.

Yanzu ga inda ya shafe mu. Ƙarshen 1914 daular Usmaniyya ta Turkawa ta shiga ɓangaren Jamus, Sarkin Istambul ya yi kiran jihadi, Sultan Ali Dinar na Darfur ya karkata gare su. Ingilishi da ma neman hanya suke, a 1916 suka tura runduna suka ci Fashir babban birnin Darfur a watan Mayu, a Nuwamba aka kashe Ali Dinar, aka haɗe Darfur da Sudan. Darfur ɗinnan kuma ita ce hanyar kakanninmu alhazan ƙasa masu takowa daga Kano da Sakkwato da Barno zuwa Makka. Shekarar dai Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye a Makka, can gida Najeriya kuma a lokacin yaƙin aka ɗebi yaran Hausawa a soja aka kai su Kamaru da gabashin Afirka.

Mu da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023 mun ga yadda rigimar manya ke ƙarewa a kan talaka, shi yasa nake roƙon jaridarku ta ware shafi ta kawo tarihin Ali Dinar da Hausa, yaranmu da yawa sunan kawai suka sani.

Naku mai karatu,
daga Mai Wurno, jihar Sinnar, Sudan