Amfanin Ganye da Muke Zubarwa a Kwata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke dafa kayan lambu a gidajenmu.

Allah Ya albarkaci Jos da kayan lambu, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada da sassafe zai ga yadda ake loda kabeji da karas da koren wake a motoci zuwa sassan ƙasar nan. Abin takaici shi ne, mu da muke zaune a kan wannan ni'ima mukan saya da kuɗinmu, sannan mu zubar da amfaninsa a kwata. Za a tafasa zogale ko alayyafo har ya dafe ya sauya launi, a tsiyaye ruwan a watsar, alhali sinadarin bitamin C ba ya jure zafi, kuma cikin ruwan nan yake narkewa. Kanwar da muke jefawa domin wake ya nuna da wuri, ko miyar kuɓewa ta yi yauƙi, ita ma tana lalata bitamin C da B1. Jiƙa wake tun dare ya fi, ga kuma sauƙin gawayi.

Ba wai a ci komai ɗanye nake nufi ba, domin karas da tumatir sun fi amfanar jiki idan an dafa su da ɗan mai. Shi ya sa nake jinjina wa gwaten acca da aka san Filato da shi, tunda ruwan da ganyen ya dahu a ciki shi ake sha. Da za a riƙa zuba ganyen dab da saukewa, da amfanin ya ƙaru.

Gishiri ma sai an kula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da muke marmasawa a miya yana cikin lissafin, musamman ga masu hawan jini.

Ina kira ga ma'aikatan lafiya da ke wa'azantar da mata ranar awon ciki da su haɗa da bayanin girki, ku kuma ku ware wa batun shafi ko da sau ɗaya ne a wata.

Wassalam,
Wata mai karatu,
Unguwar Rogo, Jos.