Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Kan Sunayen Da Ejan-ejan Inshorar Lafiya Ke Saye A Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana kan wani ciniki da ba kasafai ake jin labarinsa da Hausa ba, alhali yana cinye kuɗin mutane da yawa a Amurka, ciki har da 'yan uwanmu da suka zauna jarrabawa suka karɓi lasisin sayar da inshorar lafiya. Cinikin shi ne sayen sunayen mutanen da aka ce suna neman inshora. 'Yan sana'ar suna ce wa kowane suna "lid". Sunan mutum ne da lambar wayarsa da shekarunsa da lambar unguwarsa, wani lokaci har da abin da yake samu a shekara. Ejan ba shi da rumfa a kasuwa da mai saye zai tarar da shi, kuma ba shi da albashi sai kamasho, don haka yakan biya wani kamfani ya kawo masa waɗanda zai kira.

Sabon ejan tambaya ɗaya yake yi wa mai sayarwa: nawa ne? A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ƙarancin amfani. Ingancin suna yana ga tallar da mutumin ya gani kafin ya rubuta lambarsa, da abin da ya yarda a yi masa. Wanda ya shiga Google ya rubuta cewa yana neman inshorar lafiya a Houston, ya cike fom mai tambaya goma, mai nema ne. Wanda kuwa yake zagaye a Facebook ya ga an ce gwamnati na rabon katin cefane, ko an ce akwai dala 6,400 da ke jiransa, shi kuɗi yake nema. Irin wannan talla ta cika shafukan sada zumunta a 2023 da 2024. Adadin da ake ambata ba kuɗin hannu ba ne, tallafin da gwamnati ke biya kai tsaye ga kamfanin inshora ne a ƙarƙashin dokar da aka fi sani da Obamacare. Idan ejan ya kira shi ya fara maganar asibiti da likita, amsar da zai samu ita ce "ina katina?" Sunayen biyu a kan kwamfuta kamarsu ɗaya, kuma sau da yawa farashinsu ɗaya.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mutum ya shiga shafin neman aiki, ko na cin kyautar waya, ya danna "ci gaba", a can ƙasa kuma da ƙananan haruffa an rubuta cewa ya amince "abokan hulɗa" su kira shi, jerin abokan kuwa sai ya kai kamfani ɗaruruwa. A 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta kai kamfanin Fluent gaban shari'a kan irin wannan aiki, ta ce ya sayar da sunaye sama da miliyan 620 daga farkon 2018 zuwa ƙarshen 2019, aka sasanta a kan tarar dala miliyan 2.5. A Agustan 2025 kuma kamfanin MediaAlpha ya amince ya biya dala miliyan 45 bisa zargin cewa ya yi amfani da shafuka masu kama da na gwamnati wajen tara sunayen masu neman inshorar lafiya. Waɗannan manyan dillalai ne, ba 'yan bayan fage ba, kuma daga irin rumbunsu ƙananan dillalai ke ɗebo abin da suke sayar wa ejan.

Shi ya sa abu na farko da ya kamata ejan ya nema kafin ya biya ko sisi shi ne a nuna masa tallar kanta da shafin da ake cike fom. Ya shiga ya cike da lambar wayarsa, ya ajiye wayar a gabansa kwana biyu yana ƙirga kira nawa suka shigo da kuma su waye. Idan an ce masa shi kaɗai ake sayar wa suna, amma kamfani bakwai suka kira shi kafin la'asar, ya ga amsa da idonsa. Mai sayarwar da ya ƙi nuna shafi, wai sirrin kasuwanci ne, cinikin biri a sama yake so a yi da shi. Galibi ma bai san shafin ba, don shi ma saya ya yi. Yadda abin ke tafiya shi ne, da mutum ya danna fom, sai a aika wani yanki na bayaninsa ga dillalai da yawa a lokaci guda, su yi tayi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda ya fi tsada ya ɗauka, shi kuma ya sake sayarwa. Kalmar "kai kaɗai" a bakin dillali tana iya nufin shi bai sayar wa kowa ba sai kai, amma wanda ya sayar masa ya riga ya sayar wa uku. Wani kuma yana nufin kai kaɗai na kwana 30, daga nan ya zuba sunan cikin tsofaffi ya sayar da rahusa. A rubuta ma'anar kalmar a cikin yarjejeniya.

Tsofaffin sunaye, wato waɗanda suka yi wata ɗaya ko uku ko fiye, ba laifi ba ne ga wanda ya san abin da ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aiki ne na mai juriyar kira ɗari domin ya samu mutum biyar su saurare shi. Sai dai a harkar Medicare, wato inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, izinin da mutum ya bayar na a tuntuɓe shi wata 12 yake yi ya ƙare, kuma kiran wanda bai nema ba domin tallata masa Medicare Advantage, wato Medicare da ake karɓa ta hannun kamfanoni masu zaman kansu, haramun ne a ƙa'idar hukumar CMS mai kula da Medicare. Wanda ya sayi jerin shekara biyu da suka wuce, abin da ya saya shi ne lambobin da ba shi da ikon kira.

Nan ne maganar ta koma ta shari'a, kuma nan ne na fi so masu sauraronku su natsu. Dokar TCPA ta 1991, mai kare mutane daga kiran talla, ta ba wanda aka kira ba bisa ƙa'ida ba damar neman dala 500 kan kowane kira ko saƙon tes, har zuwa 1,500 idan da gangan ne. Wanda ya ɗaga waya ya kira shi ake fara kamawa, ba wanda ya sayar da sunan ba. Kira shida da saƙo huɗu ga mutum ɗaya sun zama dala 5,000 a mafi ƙaranci, a kan sunan da aka saya dala takwas. Akwai ma mutanen da suka mai da wannan sana'a, suna jiran a kira su. Kariyar ejan ita ce shaidar amincewa. Manhajoji biyu aka fi sani da ita, TrustedForm da Jornaya. Suna ajiye lokacin da aka cike fom, da shafin, da kalmomin amincewar da mutum ya gani, TrustedForm har tana nuna yadda aka yi ta cikewa kamar bidiyo. Ejan ya nemi wannan shaida tare da kowane suna, ya buɗe goma daga cikin ɗari na farko ya duba da kansa. Fom mai tambaya goma sha biyu da aka cike cikin daƙiƙa uku ba ɗan Adam ya cike ba. Sunaye ashirin daga na'ura ɗaya, wani ne ke zaune yana kwafo su daga tsohon jeri. Kuma shaidar ba ta zama a wurin har abada sai an karɓe ta an adana, ƙarar TCPA kuwa ana iya shigar da ita har shekara huɗu bayan kiran.

Mutane da yawa sun rikice kan dokar nan ta "kamfani ɗaya, amincewa ɗaya", wato sai mutum ya amince wa kowane kamfani dabam kafin ya kira shi. Hukumar sadarwa ta FCC ta zartar da ita a Disambar 2023, da nufin ta fara aiki 27 ga Janairun 2025, sai kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 11 ta soke ta kwana uku kafin ranar. Dillalai suka yi ta shelar cewa an koma gidan jiya. Amma CMS tana da tata ƙa'idar dabam wadda ta fara aiki 1 ga Oktoban 2024, cewa ba za a miƙa bayanin mai Medicare daga wani kamfanin talla zuwa wani ba sai ya amince a rubuce da sunan wanda za a ba. Hukuncin kotun bai shafi wannan ba. Ejan Medicare ya duba ko sunansa ko na ofishinsa ya fito a shafin amincewa. Sauran ƙa'idojin sanannu ne: a tace lambobi da rajistar waɗanda suka ce kada a kira su aƙalla duk kwana 31, kada a kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare a agogon wanda ake kira, jihar Florida ma ta tsaya a 8 na dare da kira uku cikin awa 24.

Sai kuma mutumin da da gaske yake nema, amma ejan ba shi da abin da zai sayar masa. Lasisin inshora na jiha-jiha ne, kuma lambar waya ba ta nuna inda mutum yake zaune, domin mai lambar New York yana iya zama a Georgia shekara goma. A tace da lambar unguwa. A tace da kuɗin shiga kuma: wanda samunsa ya yi ƙasa sosai Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ya cancanta, babu kamasho a ciki, a jihohi irin su Texas da Florida da ba su faɗaɗa Medicaid ba kuwa, mai samun da bai kai layin talauci ba yakan rasa tallafin gaba ɗaya. Wanda wurin aikinsa ya ba shi inshora mai sauƙin kuɗi shi ma ba ya samun tallafi. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Rajistar Medicare ta shekara daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba take, ta Obamacare kuma 1 ga Nuwamba ake buɗe ta. Sunan da aka saya a watan Mayu ba shi da amfani sai mai shi yana da dalili na musamman, kamar rasa aiki ko haihuwa ko ƙaura, ko yana cikin wata bakwai ɗin da ke kewaye da cikarsa shekara 65. Duk waɗannan mai sayarwa yana iya tacewa, amma sai an nema, kuma farashi zai hau.

Bari in kawo lissafi na misali, ba ƙididdigar kowa ba ce. Ejan ya kashe dala 800 kan sunaye 100 na tarayya, wato waɗanda ake sayar wa ejan fiye da ɗaya, dala takwas-takwas. Ya samu 30 a waya, goma sun cancanta, biyu sun saya. Kowane ciniki ya tsaya masa 400. Wani ya kashe 800 ɗin kan sunaye 20 na dala 40, ya samu 12, uku suka saya, kowane ya tsaya masa kusan 267. To amma lissafin bai ƙare ba. Iyakar kamashon Medicare Advantage a yawancin jihohi a 2025 dala 626 ce, amma ga wanda ya shiga tsarin karon farko. Wanda ya sauya daga wani Medicare Advantage zuwa wani, 313 ce. Masu amsa tallar katin cefane da yawansu sun riga suna ciki, canji kawai suke yi. Idan biyun da ejan na farko ya samu irin waɗannan ne, ya ci 626 a kan 800. Kuma idan mutum ya fice cikin wata ukun farko, kamfanin inshora yana karɓe kamashon duka. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris ƙofar sauyi a buɗe take, wanda talla ta ja shi a Nuwamba kuwa wata tallar za ta ja shi a Fabrairu. Don haka ba a yanke wa dillali hukunci a makon farko. A buɗe jadawali, kowane suna da lambar tushensa da mai sayarwa zai bayar, a rubuta ko lambar na aiki, ko ya ɗauka, ko ya cancanta, ko ya saya, ko yana nan bayan kwana 90. Sau da yawa dillali ɗaya yana da tushe biyar, biyu masu kyau, uku shara. Da lambar tushe ejan zai ce a toshe masa ukun.

Adalci kuma shi ne a faɗi cewa ba kullum laifin mai sayarwa ba ne. Sunan tarayya na wanda ya fara kira ne, ejan da ya bari sai bayan awa uku ya tarar an riga shi. Wanda ya kira sau ɗaya ya jefar, shi ya ɓarar da kuɗinsa. Wani kuma lambarsa ce kamfanonin waya suka yi wa tambarin kiran banza saboda yawan kira daga layi ɗaya, sai mutane su daina ɗauka, shi kuma yana can yana zagin dillali. Ya kira wayar matarsa da layin ofis ya ga abin da ke fitowa a fuskar wayar.

Masu sayen kiran da ake haɗo musu kai tsaye su kula da abu guda. Yarjejeniya takan ce idan kira ya wuce daƙiƙa 90 ko 120 an biya. Wasu cibiyoyin kira, da yawansu a ƙasashen waje suke, suna koya wa mutum abin da zai ce domin ya wuce wannan iyaka. Ejan ya yi tambayoyin cancanta uku a daƙiƙa 30 na farko: wace jiha kake, wace inshora gare ka yanzu, me aka ce maka za ka samu. Gaisuwa mai tsawo ta jira. Ya kuma nemi a ba shi naɗin muryar abin da aka faɗa wa mutumin kafin a haɗo shi, domin alkawarin ƙarya da aka yi a can, sunan ejan ne zai fito a takardar ƙorafi. A 2024 CMS ta dakatar da ejan-ejan 850 cikin 'yan watanni kan zargin sa mutane a inshora ko sauya musu ita ba da saninsu ba.

Kafin a biya, a karanta sharaɗin mayar da suna: wane iri ake karɓa, lambar da ba ta aiki ko wanda ya ce bai taɓa cike fom ba ko wanda aka sayar maka sau biyu, cikin kwana nawa, kuma kashi nawa cikin ɗari ne iyaka. Yawancinsu ba kuɗi suke mayarwa ba, wasu sunayen suke ƙara maka daga tushen da ya ba ka na farko. A fara da 50 ko 100, kada a yarda da biyan wata uku gaba, kuma kada a bar katin banki a hannun dillalin da ke cire kuɗi da kansa duk lokacin da asusu ya yi ƙasa.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Wani mai bibiyar shirye-shiryenku daga Amurka