Wasiƙa daga Luven: giyar 'yan zuhudu da burkutun gida

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya madam da yara, ya sanyin Jos? Ka gaishe min da Mama ka ce mata ina nan ina cin abinci, don na san tambayar da za ta fara yi kenan. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, karatu ne ya sha min kai, ga duhun hunturun nan da ƙarfe biyar na yamma ka ga gari ya rufe kamar an ɗauke nepa.

Ka tuna ranar da ka raka ni tasha kana min tsiya wai zan je ƙasar giya in manta da burkutun bayan kasuwa? To ban manta ba, hasali ma abin da ya sa na zauna rubuta maka kenan. Garin da nake, Luven a ƙasar Beljiyam, nan ne gidan giyar Stella Artois, idan iska ta juyo ta wajen tashar jirgin ƙasa har ƙanshin dafaffen tsiro kake ji, amma ba ita zan ba ka labari ba, ita kusan duk ɗaya take da su Star da Gulder ɗinmu, ka sha da sanyi ka tashi. Wadda ta kama ni ita ce ta 'yan zuhudu, waɗanda ake kira Trappist.

Su dai ɗariƙa ce ta Katolika, sunan ya fito ne daga wani gidan zuhudu a Faransa mai suna La Trappe, suna bin ƙa'idar Waliyyi Benedict wadda ta ce addu'a da aiki, wato mutum ya ci guminsa kada ya zauna jiran baiko. Wasu cuku suke yi, wasu burodi, wasu kuma giya. A 1997 suka kafa ƙungiya suka fito da wani tambari mai kusurwa shida, kuma ba a ba ka shi sai an dafa giyar a cikin harabar gidan zuhudun, ƙarƙashin kulawarsu, ribar kuma ta tafi wajen riƙe gidan da taimakon mabuƙata. Ba wasa suke da sharaɗin ba fa. Akwai Achel, da 'yan zuhudun ƙarshe suka bar gidan sai ta rasa tambarin a 2021, saura biyar kenan a Beljiyam: Westmalle, Chimay, Orval, Rochefort da Westvleteren. Irin su Leffe da za ka gani ko'ina da hoton coci a jiki, sunan gidan zuhudu kawai suka ara, babban kamfani ne ke yi, ni ma sai da na yi wata biyu ina sha ina jin kaina kafin wani ɗan ajinmu ya yi min dariya ya wayar da ni.

Bari in fara da abin kunyar. Kwalbar farko da na saya Rochefort 10 ce, na ga 'yar ƙarama na raina ta, na jefa firiza ta yi raɓa na kafa kai kamar yadda muka saba. Ashe ƙarfinta kashi 11.3 ne cikin ɗari, ninki biyu na abin da muke sha a gida. Ban gama ta biyu ba na ji ƙafafuna sun zama na aro. Daga baya aka koya min cewa ba a sa ta ta yi sanyi ƙarara, sanyin ɗaki mai ɗan sanyi-sanyi ya isa, a zuba a hankali a kofin gilashi mai faɗin baki, a bar ɗan guntun ƙasan kwalbar domin akwai yis kwance a wurin, tunda ana ƙara sukari da yis kafin a rufe ta ci gaba da nuna a cikin kwalba. Da na sha ta haka sai na ji wani abu daban, baƙa ce mai kauri, ɗanɗanon kamar dabino da ya kwana biyu da ɗan ƙauri-ƙaurin alewar da ta kusa ƙonewa, guda ɗaya za ka yi awa kana kurɓa kuna hira.

Westmalle Tripel kuma ruwan zinariya ce, kumfa fari tas, ka ɗauka mai sauƙi ce alhali 9.5 take, tun 1934 suke yin ta kuma ita ce uwar duk wata tripel da ka ji ana faɗa. Chimay mai shuɗiyar takarda ita ce mafi sauƙin samu, ba laifi, na fi son cukunsu ma in gaya maka gaskiya.

Wadda ake ta surutu a kanta ita ce Westvleteren 12, tun da wani shafin masu auna giya ya ce ita ce ta ɗaya a duniya a 2005 mutane suka haukace. Su kuwa 'yan zuhudun Sint-Sixtus, gidan da ke dafa ta, ko a jikinsu, ba su yarda sun mayar da gidan masana'anta ba. Sai ka yi rajista ta intanet, ka jira a buɗe layi, in ka dace a ba ka rana da lokaci, ka zo da motar da ka rubuta lambarta, a sa maka kiret na katako mai kwalba 24, kuma ka yi alkawari ba za ka sayar wa wani ba. Shekaru da yawa ma ko takarda babu a jikin kwalbar, da kalar marfi ake ganewa, kore da shuɗi da rawaya. Mun je can ta wajen Poperinge, kusa da iyakar Faransa, inda ake noman hop, wato furen wani tsiro mai yaɗo da ke ba giya ɗaci da ƙanshi. Wanda ya tuƙa mu abokin zamana ne, Bamaraɗe, Musulmi, ko kusa ba ya sha, ya zauna da kofinsa yana kallonmu yana cewa ai ko ba komai shi ne zai mayar da mu gida da ranmu, kuma da gaskiyarsa. Akwai wurin zama a tsallaken titi, In de Vrede, nan muka sha. Tana da daɗi ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba, amma in ka rufe min ido ka ajiye min ita da St. Bernardus Abt 12 ban da tabbacin zan raba, kuma akwai dalili, domin daga 1946 zuwa 1992 gidan St. Bernardus da ke Watou ne ke dafa giyar kasuwa da izinin 'yan zuhudun. Rabin daɗin nata wahalar samu ce, ni dai haka na gani.

Tawa ita ce Orval. Gidan yana can kudu cikin daji, ga kangon tsohon ginin da sojojin juyin juya halin Faransa suka ƙona a 1793, ga sabon a gefe, wanda don a samu kuɗin gina shi ne ma aka buɗe wurin dafa giyar a 1931. A jikin kwalbar akwai kifi da zobe a baki, wai wata basarakiya Matilda ce zoben aurenta ya faɗa cikin marmaro ta yi addu'a kifi ya fito mata da shi, marmaron na nan har yanzu na leƙa ban ga komai ba sai tsabar da masu yawon buɗe ido suka jefa. Ƙarfinta 6.2 ne kawai, amma suna sa mata wani yis na daji da ake kira Brettanomyces, shi ya sa sabuwa da wadda ta shekara ba ɗaya suke ba, tana tsufa tana ƙara bauri da wani wari-wari kamar na turken doki. Turawan nan da kansu haka suke kwatanta shi kuma yabo ne a wurinsu! Kurɓar farko na yi shiru, don abin da ya faɗo min a rai shi ne ƙwarya da benci da hayaƙin itace.

Abin ya ƙara tabbata da na je Cantillon a Burasel, wannan ba na 'yan zuhudu ba ne, gidan iyali ne tun 1900. Su ba sa zuba yis sam. In sun dafa sha'ir da alkama sai su juye a wani faffaɗan faranti na tagulla a saman bene, ya kwana a buɗe iskar hunturu ta shiga, abin da ke cikin iskar ne ke sa ta tashi, sannan a ɗura a gangunan katako shekara ɗaya zuwa uku, a gauraya tsohuwa da sabuwa a samu abin da suke kira gueuze. Ko yanar gizo-gizo ba sa sharewa a wurin. Tsami kuwa kamar ka tauna tsamiya. Na tsaya ina kallon mutane daga Amurka da Japan suna shinshina kofi suna gyaɗa kai, na ce a raina yo wannan ai aikin su Ladi ne a gida, a jiƙa dawa ta tsira, a shanya a niƙa, a dafa a bar ta ta yi tsami a sake dafawa, a taɓa ta da ragowar ta jiya ta tashi. Bambancin kawai tasu tana jure shekaru a kwalba, tamu in ta wuce kwana biyu sai a zubar. Su har UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin kayan gadon duniya a 2016, mu kuwa in ka yi digiri aka gan ka da ƙwarya a hannu shikenan an ce ka lalace, ni da kai ma ai ɓoyewa muke ta bayan zana kada dattawan coci su hango mu.

Akwai kuma sababbin ƙananan gidaje na matasa, wadda nake saya ranar da aljihu ya yi sanyi ita ce Taras Boulba ta Brasserie de la Senne, 4.5, ɗaci tsantsa kamar shuwaka, tana tafiya da soyayyen dankali sosai, da da tsire ne ma da ta fi.

Na ajiye maka Orval biyu da Rochefort 8 ɗaya da Westvleteren ɗaya, kyauta ce ba sayarwa ba don haka ban saɓa alkawari ba. Akwai wani ɗan Bukuru da zai zo gida Kirsimeti, zan naɗe su a cikin safa in ba shi. In sun iso ka tsayar da su tsaye kwana biyu yis ɗin ya kwanta, kada ka sa a firiza, kuma don Allah kada ka buɗe a gaban ƙaninka, wannan shan ruwa zai yi mata. Orval ɗaya ka sha, ɗaya ka ɓoye sai na dawo mu ji yadda ta zama.

Sannan ina da aike. In ka je ƙauye ka zauna da tsohuwar nan da muke zuwa wurinta ka tambaye ta kwana nawa take barin dawar ta tsira, jar dawa ce ko fara, da awa nawa take dafawa karo na biyu, ka rubuta min. Akwai wani Bature a nan da ke dafa tasa a gareji, na ba shi labari ya hana ni sakat, har ya samo dawa a shagon 'yan Afirka yana jira.

Naka,
abokinka na Luven