Zuwa da kai ko aike?

Ringim, Jigawa.

Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Nan mun gama girbi, hunturu ya kankama.

Musunmu na ƙarƙashin darbejiya, kan ko mutum ya kamata ya je binciken sararin samaniya da kansa ko a aika na'ura, shi ne ya sa ni ɗaukar biro. Shekaranjiya fitila ta ƙi kamawa, na hau kwano na tarar ƙura ta yi wa farantin sola lulluɓi, har na rubuta sunana da yatsa. Tsumma ɗaya ya gama aikin. Ina saman nan na tuna InSight, na'urar da Amurka ta sauke a duniyar Mas a 2018. Ƙura ce ta taru a farantanta har ta yi shiru a Disambar 2022. Duk dukiyar nan, an rasa mai sa tsumma!

To, na sallama maka rabi. Ka ce zuwa da kai ya fi aike, kuma lissafi na bayanka. Motar Opportunity, marar matuƙi, ta shekara 14 tana rarrafe a duniyar Mas kafin ta ci kilomita 45, alhali mutum biyu na kumbon Amurka Apollo 17 sun yi kusan 35 a kwana uku kan wata, a 1972. Amurkawa sun kwaso duwatsun wata kilo 382 da hannu. Luna 16, na'urar da Tarayyar Sobiyet ta aika ba mutum a ciki, giram 101 ta kawo, ko rabin gwangwanin gero bai kai ba.

Amma kada ka yi saurin tafa hannu. Ɗan aiken nan ba ya cin tuwo, ba ya neman iska, ba a yi masa guzurin dawowa. Kumbon Voyager 1, wanda ba kowa a cikinsa, tun 1977 ya bar gida, shekarar da aka haifi yayana, ya wuce inda ɗan Adam ba zai yi mafarkin zuwa ba. In ya mutu a can, ba mai zaman makoki. Kumbon Amurka mai ɗaukar mutane kuwa, Challenger, rai bakwai ya ci a 1986, ɗan'uwansa Columbia ma bakwai a 2003. Masu 'ya'ya ne kamarmu.

Ni dai duniyar wata na yarda mutum ya je, tafiyar kwana uku ce. Mas kuwa, wajen wata bakwai a hanya, a bar wa ƙarfe tukuna.

In za ka zo da Sallah, taho mini da batirin sola mai kyau, nawa ya fara gajiya. Inna na gaishe ka, ta ce ka manta da ita.

Naka har kullum,
abokin musunka.