Kun kai mu Mosko, kun tsallake tashar Zariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi ya ɓata min rai, kuma gara in faɗa muku kai tsaye. Ban ƙi a nuna mana tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko ba. Sun yi kyau ƙwarai, musamman ta Mayakovskaya da aka buɗe a 1938, mai hotunan da aka jera da ƙananan duwatsu masu launi a rufinta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da mai gabatarwa ya rufe shirin da ita, wai mu nan ba mu gaji ƙawata wurin taruwar jama'a ba. Haba Malam! A Zariya ma ana kallonku fa.

Mosko ta buɗe layinta na farko a 1935. A lokacin jirgi ya daɗe yana tsayawa a garinmu, domin layin da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ta nan ya ratsa ya isa Kano a 1911. Daga Zariya aka ja ƙaramin layin da ya hau Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, daga Zariyar kuma reshen Gusau da Ƙauran Namoda ya tashi. Sabon Gari kanta a gindin tashar ta girma. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, ni nake kai masa abincin rana ina yaro. Na ga dilolin auduga da buhunan gyaɗa jibge ana jiran tarago, na ga fasinjojin Legas suna rububin sayen rake ta taga. Yau fenti ya ɓaɓɓare, ciyawa ta cinye dogo, tsofaffin taragai sun yi tsatsa. Ko sau ɗaya ba ku turo mai kyamara ba.

Batun ado kuwa, wa zai koya wa Bazazzagi? Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni tun zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara, ya ɗaga bakan gizon da har gobe masana gine-gine ke zuwa dubawa. Ku zaga cikin ganuwa ku ga dagi da zankwaye a fuskar zaurukan mutane. A nan Zariya ne kuma ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suka dage a kan a koma ga zanen gida. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Samaru yana yaye matasa.

Ga sabon layin Kaduna zuwa Kano zai biyo ta nan. Ina roƙonku ku yi shiri guda a kan tsohuwar tasharmu, ku gayyaci maginan gargajiya da malaman zane, ku tambayi masu aikin ko bangon sabuwar tashar zai ɗauki zanen Zazzau. Mai gabatarwa kuma ya janye waccan magana a gaban masu kallo.

Sannan don Allah ku duba tallan maganin gargajiyan da kuke sakowa a tsakiyar shiri. Da 'ya'yanmu muke kallo, kuma akwai kalaman da ba su dace yara su ji ba.

Naku,
Mai kallonku daga Sabon Gari, Zariya